Rubutaccen Shiri: Lissafin Da Ke Bayan Maganin Zazzaɓin Damina

Kamar yadda muka saba, ga shirin wannan mako a rubuce saboda 'yan'uwanmu da data ba ta isar su sauraro, da waɗanda sabis ke wahalarwa. Mutanen Tambuwal, Dogon Daji, Jabo, Sanyinna, mutanen Kebbe, Kuchi, Margai, Girkau, ina gaida kowa da kowa.

Yau maganar lissafi za mu yi. Na san wani zai ce, to sai an jima, ni tun sakandare muka raba gari da lissafi. Haƙuri za ka yi, ɗan'uwa. Wannan lissafin shi ke yanke hukuncin wane magani zai shigo garinku, wane kuma ba zai shigo ba. Ko ka iya shi ko ba ka iya ba, yana aiki a kanka.

Bari in fara da abin da ya faru a gidanmu.

Daminar bara, cikin watan Satumba, aka kira ni da asuba cewa ɗan yayata, mai shekara biyu da rabi, ba shi da lafiya. Tana aure a wani ƙauye ne a yankin Kebbe. Zazzaɓi ya kwana biyu, a na uku sai jijjiga. A kan babur aka fito da shi, hanya duk taɓo, har aka samu mota. A asibiti aka ce zazzaɓin cizon sauro ne mai tsanani, jininsa ya yi ƙasa, sai an ƙara masa. Alhamdu lillahi yaro ya tashi. Amma kafin a sallame mu, akuya ta tafi, buhun gero ya bi ta, mijinta kuma ya yi kwana shida bai leƙa gona ba.

Bayan an koma gida na je duba su. Ina zaune a ɗakinta sai idona ya kai kan wata 'yar takardar magani a bakin taga, ƙwaya biyu na ciki ba a ɓare ba. Na ce, "Yaya, wannan fa?" Ta ce, "Na masu yawo gida-gida ne. Sun ba shi na hwarko, sun ce in ba shi sauran gobe da jibi. To na ga lahiya tai lau, kuma da ya sha na hwarkon jikinai ya yi sanyi. Mi za ni ƙara mashi?" Na ce, "Yaya, ai ba na mara lafiya ba ne, na rigakafi ne." Ta dube ni ta ce, "Auta, ku 'yan boko ku kas san wannan. Ni ba wanda yaz zauna yay yi min bayani."

Ban ga laifinta ba, kuma ba zan rantse cewa ƙwayoyin nan biyu ne suka jawo ciwon ba. Amma maganarta ta tsaya mini a rai. Na koma na yi ta karatu: wa ya ce a riƙa raba maganin nan? Da wace hujja? Abin da na samo shi na kawo muku yau.

Maganin da ake rabawa shi ne wanda ma'aikatan lafiya ke kira SMC, wato rigakafin zazzaɓin cizon sauro na lokacin damina. Ana ba yara daga wata 3 zuwa wata 59, sau ɗaya a wata, yawanci wata huɗu a jere daga Yuli zuwa Oktoba. Magani biyu ne, SP da amodiyakwin. Ranar farko mai rabawa yana ba yaro duka biyun a gabansa, rana ta biyu da ta uku kuma uwa ce ke ba da sauran amodiyakwin ɗin. Kariyar takan kai kimanin mako huɗu, shi ya sa ake dawowa kowane wata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a fara shi a 2012, a yankunan Sahel inda sama da kashi 60 cikin 100 na zazzaɓin shekara ke faɗowa cikin wata huɗu. Gwaje-gwajen da aka yi kafin nan sun nuna yana hana kusan kashi 75 cikin 100 na zazzaɓin. A Najeriya ƙungiyar Malaria Consortium ta fara gwada shi a Katsina a 2013, sannan daga 2015 ya shigo Sakkwato da Zamfara a ƙarƙashin shirin ACCESS-SMC.

To ga tambayar. Kuɗin lafiya ba su da yawa. Da kuɗin da za a sayi wannan magani, ana iya sayen gidan sauro, ko a ɗauki ungozoma, ko a gyara rufin asibiti. Duk wanda ka zaɓa, ka bar ɗaya. Hanzari ba gudu ba, ba za ka iya gwada kowane zaɓi a kan mutane shekara goma sannan ka yanke hukunci ba. Nan ne samfurin lissafi ke shigowa.

Mene ne samfurin lissafi? Manomi ma yana yin sa. Idan Baba ya zauna yana cewa, in na sa taki buhu biyu a gonar fadama zan samu shinkafa kaza, in ambaliya ta zo kuma na yi asarar kaza, in na sa a gonar tudu ribar ba ta kai ba amma babu fargaba, to samfuri yake ginawa a kansa. Bambancin kawai, masana suna rubuta nasu a kwamfuta, su sa wa kowane "in" adadi, yadda wani zai iya zuwa ya duba ya ce a nan kun yi kuskure.

Abu na farko da ake buƙata shi ne mudu. Ta yaya za ka auna zazzaɓi da makanta da mutuwar jariri da mudu ɗaya? Mudun da aka fi amfani da shi a ƙasashe irin namu sunansa DALY, ya fito fili a rahoton Bankin Duniya na 1993. DALY ɗaya na nufin shekara ɗaya ta ƙoshin lafiya da aka rasa. Idan yaron da ake sa ran zai kai shekara 60 ya rasu yana da 2, a lissafin an rasa shekara 58. Idan mutum ya rayu amma cikin ciwo, ana sa wa ciwon nauyi tsakanin sifili da ɗaya, a ninka da tsawon lokacin. Na san wani zai ce, subhanallahi, ai rai a hannun Allah yake. Haka ne, babu musu. Wannan mudu ba ya faɗin ranar kowa, kuma ba ya sa wa ran mutum farashi. Abin da yake tambaya shi ne: wannan naira miliyan ɗaya da ke hannunmu amana, ina za mu sa ta ta fi rage wa jama'a wahala?

Yanzu hanyoyin. Zan kawo uku.

Ta farko ita ce bishiyar zaɓi. Ka zana gindi, ka fitar da reshe biyu: an ba da magani, ba a bayar ba. Kowane reshe ya sake rabuwa: yaro ya kamu, bai kamu ba. Wanda ya kamu: mai sauƙi ko mai tsanani. Mai tsanani: ya kai asibiti ko bai kai ba, ya warke ko ya rasu. A kowane reshe ka rubuta yiwuwarsa da kuɗinsa.

Bari mu yi da hannu. Ku lura, alkaluman nan ni na ƙirƙire su don misali kawai, ba na wata hukuma ba ne. A ce ƙauye mai yara 1,000. A ce in ba magani, za a yi zazzaɓi sau 600 a damina. In kowa ya sha daidai, aka hana kashi 75, an hana 450 ke nan. A ce kai wa kowane yaro maganin wata huɗu yana cin naira 5,000, jimla miliyan 5. Raba miliyan 5 gida 450: kusan naira 11,100 ke nan aka kashe don hana zazzaɓi ɗaya. Amma ba a gama ba. A ce jinyar kowane zazzaɓi na cin naira 6,000. Guda 450 da aka hana sun tsirar da miliyan 2 da dubu 700. Cire su daga miliyan 5, saura miliyan 2 da dubu 300. Ainihin kuɗin hana zazzaɓi ɗaya ya dawo kusan naira 5,100. Kun gane? Sai a ɗauki wannan adadi a jera shi da na gidan sauro, da na feshi, a ga wanne ya fi araha.

To yanzu mu girgiza bishiyar. Masana na kwarai ba sa ba da amsa ɗaya su tashi, sai sun canja kowane zato sun ga yadda amsar ke motsi. A ce rabin yaran ne kaɗai suka sha magani cikakke, sauran kuma, don sauƙin lissafi, mu ɗauka ba su samu kariya ba. Kuɗin da aka kashe yana nan miliyan 5, don an sayi magani, an biya masu rabawa. Amma zazzaɓin da aka hana ya dawo 225. Abin da aka tsirar na jinya ya dawo miliyan 1 da dubu 350. Ainihin kuɗin hana zazzaɓi ɗaya ya tashi daga 5,100 ya haura 16,000. Ninki uku, jama'a. Ba dala ce ta tashi ba, ba wani ne ya saci kuɗi ba. Ƙwaya biyu ce a bakin taga.

Hanya ta biyu ita ce samfurin Markov, sunan wani masanin lissafi ne ɗan Rasha. Bishiya ta dace da abin da ke faruwa sau ɗaya ya wuce. Amma zazzaɓi yana zuwa ya tafi ya dawo, hawan jini da ciwon suga kuma zama suke yi. Don haka sai a ɗauka kamar gida ne mai ɗakuna: ɗakin lafiya, ɗakin ciwo mai sauƙi, ɗakin ciwo mai tsanani, da ɗakin da in an shiga ba a fitowa. Kowane wata, wani kaso na mutanen kowane ɗaki ya koma wani. Kwamfuta ta juya wannan wata bayan wata, shekara biyar ko ashirin, tana tara kuɗin da aka kashe da shekarun lafiyar da aka samu. A nan ma akwai wata ƙa'ida: amfanin da zai zo nan da shekara goma ba a ba shi nauyi daidai da na bana, ana rage masa kamar kashi 3 cikin 100 kowace shekara. Ɗan kasuwa ya san wannan, kuɗin hannu ba ɗaya yake da bashi ba.

Hanya ta uku ita ce samfurin yaɗuwar cuta. Biyun farko suna kallon kowane mutum shi kaɗai. Amma zazzaɓin cizon sauro zagaye yake yi: sauro ya ɗauka daga jikin wannan ya kai wa wancan. In ka warkar da ni, ka rage wa maƙwabcina haɗari. Wanda ya fara rubuta wannan da lissafi shi ne Ronald Ross, likitan Ingila da ya gano ƙwayar cutar a cikin sauro a Indiya a 1897. Lissafinsa ya nuna ba sai an kashe kowane sauro ba, in aka rage su ƙasa da wani mataki, cutar za ta mutu da kanta. A shekarun 1950 George Macdonald ya ƙara da cewa abin da ya fi tasiri shi ne gajarta ran babban sauro, kuma wannan tunani ya ƙarfafa yaƙin feshin gidaje da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 1955.

Wani abin da ya ba ni mamaki: ƙasarmu ce ta koya wa wannan lissafi hankali, har sau biyu. A 1954 aka fara gwajin feshi a yammacin lardin Sakkwato, wajen Birnin Kebbi. Ba a daɗe ba, a 1955, aka gano a Ambursa cewa sauro ya daina jin maganin feshi mai suna diyaldirin. Nan kusa da mu, jama'a, ba wata uwa duniya ba. Sannan daga 1969 zuwa 1976 aka yi babban bincike a Garki, a tsohuwar jihar Kano, yanzu Jigawa. An yi feshi, an raba magani, cutar ta yi ƙasa sosai, amma ba ta yanke ba, da aka daina kuma ta dawo. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne wani kaso na sauron ba ya sauka a bangon ɗaki bayan ya yi cizo, waje yake hutawa. Daga bayanan Garki ne Dietz da Molineaux da Thomas suka fitar da sabon samfuri a 1974, kuma har yau masu wannan ilimi suna komawa ga alkaluman Garki don gwada nasu. Darasin a fili yake: lissafi yana da kyau gwargwadon gaskiyar abin da aka zuba masa.

To me ainihin lissafi ya ce a kan maganin damina? An bi kuɗin da shirin ACCESS-SMC ya kashe a 2016 a ƙasashe bakwai: Najeriya, Nijar, Chadi, Mali, Burkina Faso, Gini da Gambiya. Matsakaicin kuɗin kai wa yaro ɗaya maganin wata huɗu ya kama dala 3 da santi 63. A Nijar ya fi araha, a Gambiya ya fi tsada. Kuɗin tsirar da shekara ɗaya ta lafiya ya kama daga kusan dala 19 a Nijar zuwa kusan dala 79 a Gambiya. A duniyar lafiya wannan araha ce ƙwarai. Irin wannan hujja ce ta sa masu ba da tallafi, irin su GiveWell ta Amurka da ke wallafa lissafinta a intanet kowa ya gani, suka zuba kuɗi a ciki. Zuwa 2023 yara kusan miliyan 53 ke samun maganin a Afirka, kaso mafi girma a Najeriya. Kuma muna da buƙata: Najeriya ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na zazzaɓin cizon sauro na duniya, kuma a binciken ƙasa na 2021 maƙwabciyarmu jihar Kebbi ce kan gaba, kusan rabin ƙananan yaran da aka gwada suna da ƙwayar cutar a jini. Ba mamaki da aka zo fara allurar rigakafin R21 a Disambar 2024, Kebbi da Bayelsa aka zaɓa.

Amma ga inda nake so matasa mu buɗe ido. Duk samfuri yana da tambayar da ake yi masa tun farko: aljihun wa ake ƙirgawa? In aljihun gwamnati ne kaɗai, to akuyar yayata ba ta cikin lissafi. Kuɗin babur, kwana shidan da aka bar gona, abincin mai jinya, duk babu. Alhali a Najeriya sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin lafiya daga aljihun mutane yake fita kai tsaye. Na biyu, matsakaici yana ɓoye na gefe. Kai magani cikin garin Tambuwal, a bakin titin Sakkwato zuwa Jega, ba ɗaya yake da kai shi ƙauyen da ruwa ya yanke wa hanya ko wanda rashin tsaro ya hana shiga ba. In aka bi araha kaɗai, na nesa ne zai riƙa faɗuwa kullum, kuma shi ne ya fi mutuwa. Lissafi zai gaya maka tsadar kai wa gare shi. Ko ya cancanci a je, wannan hukuncin mutane ne, na adalci, kuma a nan muryarmu ke da amfani. Na uku, tallafin waje ba gado ba ne. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja a 2001 cewa za su ba lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafi, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 kuma ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya a matakin farko. Ranar da mai tallafi ya janye, da waɗannan alkaluma za mu je mu ce wannan shiri kada a bar shi ya mutu.

To me za mu yi? Abu uku, ba su buƙatar ko sisi.

Na ɗaya, gidanka. In masu rabawa sun zo, ka san ranar. Washegari da jibi ka tambayi Inna, ka tambayi Yaya, ka tambayi matarka: an ba shi? A duba katin. Kada a raba ƙwayar ɗan shekara biyu da yayansa mai shekara bakwai, kada a ajiye ta sai ya yi zazzaɓi. In yaro ya yi amai da zarar ya sha, ko jikinsa ya yi wani iri, a gaya wa ma'aikacin lafiya. In kuma yana da zazzaɓi a ranar, gwaji yake buƙata da magani, ba rigakafi ba. Gidan sauro kuma yana nan daram, maganin bai maye gurbinsa ba.

Na biyu, unguwarka. In akwai rugar da aka tsallake ko gidan da ba a shiga ba, ka rubuta, ka kai wa mai unguwa da kwamitin lafiya na mazaɓa. Wanda ba a ƙirga ba, ba ya cikin samfurin kowa.

Na uku, bakinka. Duk ranar da wani ya zo taro ya ce za a kashe miliyan kaza a kan abu kaza na lafiya, kada mu tsaya ga tafi. Cikin ladabi a ce: ranka ya daɗe, mutum nawa zai amfana? Nawa ke nan kan kowane mutum? Da wane zaɓi aka kwatanta? Me aka bari don a yi wannan? Wanda ya yi aikinsa da gaskiya zai ji daɗin tambayar.

Bana da aka fara rabo na kira yayata a rana ta biyu. Kafin in buɗe baki ta ce, "Auta, na ba shi, kak ka ishe ni." Na yi dariya na ce saura gobe. Ta ce ta sani.

Nan za mu dakata. Ku faɗa mana a ƙasa: a garinku an zo rabon bana? An yi muku bayanin kwana ukun? Ku tura wa wanda kuka san yana da ƙananan yara, wanda bai iya karatu ba a karanta masa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya raya mana zuri'a, Ya ba mu damina mai albarka. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.